Layin Inna a Akwatin Mai Tsire

Shekarar da na zauna a unguwar Borokiri ta Fatakwal, babu abin da ke cin ranmu a ɗaki kamar maganar data. Mu shida ne, duk 'yan cirani. Ni baro nake turawa, ina tallar albasa da tumatir a unguwannin Fatakwal. Akwai ɗan okada, da masu ga-ruwa biyu, da mai gyaran takalmi, sai babbanmu mai tsire, wanda da sunansa aka kama ɗakin. Saboda haka ko tari za ka yi sai ka fara duban fuskarsa.

Kowa da irin tasa dabarar, kuma kowa gani yake ya fi saura wayo. Masu ga-ruwa ta kullum suke saya, wadda kafin ka gama gaisawa da mutum ta ƙare. Mai takalmi ya rantse da ta mako. Ta dare ta fi kowacce araha, amma wanda ya yini yana tura baro a rana ina ya ga idon cin moriyarta? Ɗan okada kuwa layuka ne da shi cike da gidan ashana, duk kamfanin da ya fito da garaɓasa sai ya koma can, in ta ƙare ya yi gaba. Ta wata ita ce mai sauƙi in aka duba da kyau, sai dai tana son kuɗi a dunƙule, mu kuwa namu a warwatse suke shigowa.

Wata rana mai tsire ya bi motar albasa zuwa Onitsha, ya dawo da wata 'yar na'ura da ba ta wuce sabulun wanka ba. Maifai ake ce mata. Ta hannu ce, murfin bayanta ma da roba aka ɗaure shi. Ya ce layi ɗaya ake saka mata, a yi karo-karo a sayi ta wata, duk wayoyinmu su sha daga jikinta. Zan yi masa adalci, lissafinsa gaskiya ne, ya fi mana sauƙi nesa ba kusa ba. Abin da ya rage shi ne layin wa za a saka. Kowa ya danna lambobin duba tayi a wayarsa, sai ga nawa ya fi na kowa. Tsohon layi ne, tun ina gida nake riƙe da shi, shi ya sa kamfanin ke ninka mini duk abin da na saya.

“Naka ya ci,” in ji mai tsire, ya miƙo hannu.

Na ɗan ja baya, saboda Inna. Mahaifiyata ba ta karatu, ba ta san lamba ba. Kafin in taho Kudu na saya mata ƙaramar waya mai maɓallai, na ɗaura lambata a kan maɓalli guda, na ɗiga masa jan farce. In ta danna jan ta riƙe, ni zai kira. Iyakar abin da ta sani game da waya ke nan. Layin da ke cikin maifai kuwa ba ya karɓar kira, data kawai yake zubarwa. Na faɗa musu haka.

“Yaushe tsohuwa ta taɓa kiranka?” in ji mai tsire. “Ba kai ne mai kira duk Juma'a ba? Sayi sabon layi ka riƙa kiranta da shi. Ɗauka dai ai ta iya.”

Nan ma gaskiya ya faɗa, Inna tsoron ƙarewar kati take, ba ta kira. Na zare layin na ba shi, na sayi sabo.

Makonnin farko mun ji daɗi har muna tausaya wa maƙwabta. Ƙwallo, wa'azi, bidiyon barkwanci, kowa ya kwanta ya kafa wa wayarsa ido, ko hira an daina. Sai mai tsire ya gano cewa ƙarfin abin na kaiwa har ɗakunan da ke kusa, ya fara sayar wa mutanen gidan lambar sirri. Daga nan ya jefa maifai cikin akwatinsa na ƙarfe, ya huda gefe don wayar caji, ya maƙala kwaɗo. Ya ce don ɓarayi ne.

Ana cikin haka aka ɗauke sabis a yankinmu na can gida gaba ɗaya saboda 'yan bindiga. Na kira Inna ranar Juma'a, bai shiga ba. Juma'ar gaba ma haka. Babu mai shiga garin, masu fitowa kuma ba sa komawa. Sai wani ɗan garinmu da ke sayar da shanu a Inugu ya kira ni, shi ma da ƙyar ya fito. Ya ce akwai wani dutse bayan rafi, in mutum ya hau ƙololuwarsa yakan tsinci sabis ɗin wata jiha, mutane can suke zuwa kira ranar kasuwa. Ya ce ya ga Inna a kai, da sandarta, ta ɗaga waya sama tana danna jan nan.

Na san dutsen. Ina saurayi ma sai na huta a hanya kafin in kai sama. Inna kuwa ko tashi daga tabarma sai ta dafa bango.

Da la'asar na sami mai tsire yana yanka albasa a bakin tukubarsa. Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda ake gaida babba, na ba shi labari, na ce ya ba ni layina.

“Shekaranjiya muka sabunta,” ya ce, bai ko ɗago ba. “Kuɗin mutane ne a ciki. Bari wata ya ƙare.”

“Yaya, na yafe nawa kason. Ranar kasuwa kawai nake so, daga safe zuwa yamma, in dawo maka da shi.”

“Da rana ne masu haya ke sha. In aka buɗe bayanta kuma rikicewa take. Kai za ka kai ta Onitsha gyara?”

Na haƙura na jira ƙarshen wata. Abin da ban sani ba shi ne, in aka sabunta kafin wa'adi ya cika, ragowar data ba ta ƙonewa, haɗewa take da sabuwa. Mai tsire ya san wannan sarai. Ana saura kwanaki sai ya sake zuba mata, ya zo yana nuna mana yadda ya cece mu daga asara. Watan da aka ce in jira ba shi da ranar ƙarewa.

Na kai ƙara wurin limamin masallacinmu, dattijo mai sanyin murya. Ya tara mu bayan sallar magariba, ya yi nasiha a kan haƙƙin uwa har mai takalmi na share ido. Mai tsire ya sunkuyar da kai ya ce, “Allah gafarta Malam, an gama. Yau-yau zan ba shi.” Muna fita ya ce makullin ya ɓata. Washegari na ga makullin rataye a wuyansa, cikin riga.

Abin da ya fi ƙona mini rai sauran ne. Ba wanda bai da uwa a cikinsu. Amma kowa ya ɗanɗana arahar, ba wanda ke son komawa ta kullum. Suka mayar da ni abin wasa. In na shigo sai wani ya ce, “Ga ɗan Inna, a ba shi nono.” Wata rana ina cikin tura baro a Fatakwal, sabon layina ya yi ƙara da ɓoyayyar lamba. Na san Inna ba ta da hanyar samun wannan layin, na sani sarai, amma na saki baro har tumatir na gangarawa kwata. Wata murya siririya tana rawa ta ce, “Ɗana, kai ne? Ina kan dutse.” Na ce, “Inna!” da ƙarfin da mutanen titi suka waigo. Sai dariya ta fashe a cikin wayar. Ɗan okada ne, sauran na gefensa. Sun ma naɗi muryata, da yamma suka yi ta sakawa ana maimaita “Inna!” ana riƙe ciki.

Ranar na ɗauko taɓarya wurin wata maƙwabciya na nufi akwatin. Bugu ɗaya na samu na yi wa kwaɗon, suka taru suka danne ni. Masu ga-ruwa ƙarfi ne da su kamar shanun huɗa. Mai tsire ya tsaya a kaina yana sakace, ya ce, “Tsohuwar da ta kai shekarun nan ba ta mutu ba, ba wannan watan za ta mutu ba.” Na tsane shi a lokacin, kuma har yau ban daina ba.

Wata mata Inyamura mai sayar da kati a ƙarƙashin lema ita ta buɗe mini ido. Ta ga kumburin fuskata ta tambaya, na ba ta labari da guntun Turancin kasuwa da nake da shi. Ta tafa hannu ta ce, “Aboki, na your name dey the line? Go office!” Ta yi mini bayani cewa tunda da sunana aka yi rajista, kamfani zai iya mayar mini da lambar a kan sabon sim, na cikin akwati kuma ya mutu nan take.

Ofishin ma wata azabar ce. Ka bar sana'a ka yini a layi, in an zo kanka na'urar ta ƙi karanta yatsanka. Hannun baro ya cinye zanen babban yatsana, ya yi sumul. Yarinyar da ke wurin ta goge, ta danna, ta ce in dawo. Na dawo, ta ce injinsu ba ya aiki. Na daina tura baro na wasu kwanaki, ina shafa man kaɗanya ina lallaɓa yatsa kamar amarya, ina cin bashin cikina. Duk ranar kasuwar garinmu da ta zagayo sai in kasa haɗiye abinci, don na san inda Inna take a wannan lokacin. Daga ƙarshe na'urar ta yarda ni ne.

Ana tsakiyar kallon ƙwallo maifai ta mutu. Na shigo na tarar mai tsire ya buɗe akwatin da makullin da ya ɓata, yana jijjiga ta, masu haya sun cika ƙofa suna neman kuɗinsu. Na ɗaga wayata na ce layina ya dawo hannuna. Kafin in rufe baki jakata da tabarmata suna cikin ruwan sama a tsakar gida. Liman ya bar ni ina kwana a barandar masallaci, ban kuma damu ba. Wayar na aljihun gaba, cike da caji, ko alwala zan yi sai na aje ta inda zan ji.

Ranar kasuwa ta zo ta wuce, shiru. Wata ta sake zuwa, shiru. Sai wata safiya, ina ɗora albasa, wayar ta yi ƙara, ga sunan Inna a jiki. Na ɗauka. Muryar namiji ce.

“Salamu alaikum. Na ga wani maɓalli da jan farce ne, na ce bari in danna in ga wa zai fito.”

Mai sayar da hatsi ne a babban garin da ke kusa da namu. Ya ce mutanen ƙauyenmu sun watse, suna zaune a wata makarantar firamare. Wata tsohuwa ce ta aiko masa da wayar, ta karɓi gero a madadinta, ta ce ba ta da sauran amfani.

Na sayar da baro na hau mota. Na same ta a kwance a ƙasan aji, bayan allo. A hawanta na ƙarshe ta zame wajen saukowa, ƙugunta ya goce, a amalanke aka fito da ita daga garin. Ba ta sake tsayuwa da ƙafarta ba. Ta shafa fuskata, ta tambayi hanya, ta tambaya ko na ci abinci. Na ce, “Inna, me kike son faɗa mini da kika yi ta hawa dutsen nan?”

“Cewa zan yi kada ka zo Sallah, hanya ba kyau.”

Na ciro sabuwar wayar da na sayo mata a tasha, har na riga na ɗiga jan farcen. Na sa mata a hannu, na ce yanzu duk lokacin da ta danna ni zan ɗauka. Ta juya ta, ta taɓa jan da yatsa, sannan ta mayar mini da ita cikin tafin hannuna ta rufe yatsuna a kai.

“Riƙe abarka,” ta ce. “Na gaji da matar nan ta ciki. Kullum in na kai sama sai ta yi mini Turanci. Na sa wani yaro ya fassara mini, ya ce wai cewa take ba ka son a same ka.”