Uwar Talotalo a Gaban Keji

Yayata ba ta da aikin da ya wuce kiwon talotalo. Tun tana amarya take yi, har sunanta na yanka ya ɓace, unguwa duka Uwar Talotalo ake ce mata. Tsakar gidanta ba wurin aje ƙafa, igiyar shanya ma tsuntsayen sun mayar da ita gadonsu. Abin da take taƙama da shi ɗaya ne: in ta yi fito, babu talotalon da zai ƙi amsawa. Mijinta tela ne, mutumin kirki, amma bakinsa ya fi almakashinsa kaifi.

Ranar da muka je gidan namun daji, zaki bai ishe ta kallo ba. Sai da muka zo wani keji ta ja birki, har na yi karo da bayanta. Wani tsuntsu ne a ciki, jikinsa na walƙiyar kore da ruwan tagulla, kansa shuɗi, duk ya yi ƙulu-ƙulu masu ruwan lemo, jelarsa kuma cike da idanu. Allon da ke jikin kejin rana ta cinye rubutunsa tas. Wannan ya ba ni haushi, har yau ban huce ba. A tara dabbobi a kasa sayen fenti?

Tela ya ce ɗawisu ne, makaho ma ya ga jelar. Yaya ta ce talotalo ne, ƙuraje ne suka cinye masa kai saboda rashin kula, tana maganar tana laluben man da take shafa wa nata a cikin jaka. Ya tambaye ta ina gemun ƙirjin da namijin talotalo ke da shi. Ta leƙa, babu. Na ga fuskarta ta canza.

"To Uwar Talotalo, kira ɗanki mu gani," in ji shi. "In bai amsa ba, daga yau Uwar Ɗawisu za mu koma ce miki."

Mutane sun riga sun taru. Yaya ta gyara mayafi, ta tura baki, ta yi fito. Tsuntsun ya ci gaba da tonon ƙasa. Wani mai ƙaton tumbi ya yi dariya, na tambaye shi ko kaza ɗaya ya taɓa rayawa. Yaya ta sake yin fiton, wannan karon na kiran abinci, mai lanƙwasa a ƙarshe.

Tsuntsun ya ɗago. Ya saki fikafikai har ƙasa, ya baza jela, ya fara wani gunji daga ƙirji kamar ana buga ƙaramar ganga, sannan ya ƙare da wata muguwar gulu-gulu. Yaya ta jefar da jaka ta hau rawa. Ni ma na bi ta, da ƙafata mai ciwo.

Hayaniyarmu ce ta jawo mai kula da tsuntsayen. Ya ce talotalon daji ne daga wata ƙasa ta ƙetaren teku, ƙulu-ƙulun kuma ado ne, haka Allah ya halicce shi. Yaya ta ɗauki rabin farko na maganar ta watsar da sauran. Ta danƙa masa kwalbar man, ta ce safe da yamma, kada ya bari ya shiga ido.

Tela kuwa, a hanyar gida ya ce dama ya sani, gwada ta yake yi. Tun daga ranar yaran gidan Baban Ɗawisu suke kiransa, ni na koya musu.