Malam Abdulganiyyu Yunus Ringim, Masanin Tarihin Ireland da Ya Ƙare Rayuwarsa a Makka

An haifi Malam Abdulganiyyu a garin Ringim a shekarar 1952. Mahaifinsa, Malam Yunus, marubucin littattafai ne da hannu, sunan mahaifiyarsa Hure.

Karatunsa

Bayan ya sauke Alƙur'ani ya kuma kammala digiri a fannin tarihi, ya sami gurbin karatu a Dublin, babban birnin Ireland, a 1978. A can ya koyi Latin da tsohon harshen mutanen Ireland, ya duƙufa kan littattafan da 'yan zuhudun Kirista suka rubuta a fatar maraƙi tsakanin ƙarni na bakwai da na tara. Abin da ya ja hankalinsa shi ne hashiyar da suke yi da harshensu a gefen matanin Latin, kamar yadda malamanmu suke yi da ajami a gefen Larabci.

Aurensa

A 1983 ya auri Nora, ma'aikaciyar ɗakin karatu da ta musulunta, suka dawo Najeriya yana koyarwa. A 1997 suka tafi aikin Hajji da 'ya'yansu uku. Zazzaɓi ya kama ta a Mina, ta rasu bayan kwana huɗu. Da jirgin alhazai ya tashi, bai bi shi ba, domin ya ƙi barin garin da aka binne ta.

Zamansa a Makka

Ya zauna da 'ya'yansa a unguwar Utaibiyya ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, yana rubuta wa alhazai wasiƙu. Shekara goma sha huɗu ya yi yana wallafa littafi da Hausa kan ilimin Ireland na dā, kwafi ɗaya tak, da rubutun hannunsa. A 2012 ruwan sama ya shiga ɗakinsa ya wanke tawadar, shafi talatin kawai suka tsira. Idanunsa kuma sun riga sun raunana. Da 'yarsa Nuha ta roƙe shi ya yi mata shifta, sai ya ce, "Bari, uwata. Na duba cikin kaina, can ma ya goge."

Rasuwarsa

Ya rasu ranar Talata, 9 ga Maris, 2021, bayan doguwar jinya. An sallace shi a Harami bayan la'asar, aka binne shi a maƙabartar Shara'i. Ya bar 'ya'ya uku: Luqman, direba a unguwar Zahir da ke Makka, Nuha, mai ɗinki a Utaibiyya, da Abdulquddus, wanda aka mayar Najeriya saboda rashin takardu a 2016, bai kuma sami halartar jana'izar ba. Allah Ya jiƙansa.