Ranar da Aka Yi Gwanjon Gogen Baba

Babana ya yi shekaru yana sayar da kaset a wata rumfa a bakin babbar kasuwar Garwa. Shi ba makaɗi ba ne, ko tafi bai iya yi daidai da kiɗa ba. Amma duk mawaƙin da ya ratso garin, daga Yola ne ko daga Kusiri, a zaurenmu yake sauka. Baba ba ya karɓar komai a hannunsu, sai dai in za su tafi ya miƙa musu biro da kwalin kaset ɗinsu, ya ce su sa hannu. Wasu su rubuta da boko, wasu da ajami. Wanda bai iya ko ɗaya ba, a shafa masa tawada a babban yatsa ya dangwala.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da wani mai goge, mutumin Cadi, a gidanmu. Inna ce ta yi ta dama masa kunu har ya miƙe. Ranar da zai tafi ya bar wa Baba gogensa, ya rubuta sunansa da larabci a jikin ƙoƙon. Daga baya muka ji ya yi suna a Turai, can kuma ya rasu. Mu dai abin da muka sani, gogen yana rataye a ɗakin Baba, ba mai taɓawa.

Da waya ta zo, kaset ya mutu, aka ba wani hayar rumfar. Ba a daɗe ba Baba ya kamu da shanyewar ɓarin jiki. Ƙanena, wanda ke aiki a Duwala, ya zo dubiya, ya ɗauki hoton kayan nan ɗaya bayan ɗaya ya tura wa wani gidan gwanjo a Faransa. Suka ce gogen suke so, da kaset kaɗan. Masu dangwale kuwa babu hanyar tabbatar da yatsan wane ne, don haka suka ce a riƙe.

Ƙanena ya durƙusa a gefen gadon ya ce, “Baba, in ba ka so, a bar shi.”

Baba ya ce, “Ni na ce ba na so? Gara ta fara cin sandan. Ku kai shi inda babu gara.”

Ranar gwanjon, bayan la’asar, muka fito da Baba zaure. Ƙanena ya jingina wayarsa da fulas ɗin shayi. A cikin wayar, wani Bature ne riƙe da ƙaramar guduma, yana zuba Faransanci da sauri. Da yake Faransanci nake koyarwa a makarantar sakandare, ni aka sa in riƙa fassarawa. An sayar da jita, an sayar da wata riga mai ƙyalƙyali, sannan wata mace mai farar safar hannu ta ɗago gogen.

Inna ta matso ta leƙa. Ta ce, “Sun shafa masa mai.”

Mutum biyu suka yi ta ja, ɗaya a cikin ɗakin gwanjon, ɗaya ta waya. Kafin in gama fassara tayin farko an wuce shi, sai na bar fassarar kawai. Guduma ta sauka, aka ɗauko wani abu dabam.

Baba ya ce, “Wa ya saya?”

Na ce, “Na wayar. Ba sa faɗin suna.”

“Makaɗi ne?”

“Da wuya, Baba. Irin wannan a cikin gilashi ake ajiyewa.”

Ya ce, “To. Dama tsarkiyar ta daɗe da tsinkewa.” Ya nemi a mayar da shi ɗaki, ya ce bayansa ya gaji.

Da abin da aka samu aka ci gaba da kai shi asibiti, aka kuma sake kwanon ɗakin Inna. Labari ya zaga unguwa. Sati bai cika ba maƙwabcinmu mahauci ya yi sallama da wani tsohon kalangu a hammata, ya ce na kakansa ne, ko Turawan za su so. Ƙanena ya ɗauki hotonsa ya tura musu. Ba su amsa ba. Mahaucin ya yi wata biyu yana tambayata in mun haɗu a hanya, daga baya ya daina.