Abarshi Na Ramin Zarto

Abarshi dai mutumin Kusasu ne, yana ɗan shekara bakwai agana ta shigo gari ta tafi da idanunsa duka biyu, ta bar masa zanzana a fuska da baki mai kaifi, don wallahi in ka tsokane shi sai ka gwammace mai ido ne ya zage ka. Zamanin Turawa ne lokacin, En'e ke riƙe da komai, mota sai ta kwana uku ba ta bi hanyar Kaduna ba. Iyayensa sun rasu da wuri, yayarsa Azumi ce ta riƙe shi, kuma sana'ar da aka san makaho da ita ita aka ba shi, wato tufkar igiya. Ya iya kuwa! Fulanin da ke bayan gari ba sa ɗaure maraƙi da igiyar kowa sai tasa. To amma ƙauye ɗaya ne, kuma igiyar tasa ba ta tsinkewa ballantana a dawo sayen wata.

Da ya haura ashirin sai kawunsa Mu'azu, ƙanen mahaifiyarsu, ya zo ya zauna ya ce ya gama shawara. Wai ya yi magana da sarkin makafi na Birnin Gwari an ba Abarshi wuri a bakin kasuwa, nan da kasuwa uku zai kai shi da kansa a kan jaki ya zauna yana karɓar abin da Allah ya hore. Ba da mugunta ya faɗa ba fa, shi a ganinsa gata ya yi masa.

Abarshi ya ce, "Kawu, ni fa hannuna lafiya lau yake."

"To wa ya ce ba lafiya ba? Ai shi za ka miƙa."

Shi kenan kawu ya kaɗe riga ya tafi, ya bar Abarshi da mako uku, kuma ba abin da ya tsana a duniya irin ya zauna ya miƙa hannu.

To a daidai lokacin nan ne masu kula da daji suka kafa sansani a bakin dajin suna koya wa samari yankan katako, ana son na gada da na ƙofofin ofis. An kawo wani tsohon kafinta daga Zariya, Malam Hammadu, shi ne mai koyarwa, kuma duk wanda ya ci jarrabawa Baturen daji zai rataya masa lambar tagulla ya zama ɗan aiki sosai. Yadda ake yi kuwa, rami ake haƙawa mai zurfin tsawon mutum a gindaya gungumen maɗaci a kai, a jiƙa zare da gawayi a buga layi sama da ƙasa, mutum ɗaya ya hau kan gungumen ɗaya ya shiga ramin, su kama dogon zarto wannan ya ja sama wannan ya ja ƙasa. Na sama yana shan iska. Na ƙasa kuwa garin katako ne ke zubo masa a fuska tun safe har la'asar, ga shi garin maɗaci yaji ne da shi kamar barkono.

Cikin masu koyon akwai Ja'afaru, ɗan kawu Mu'azu, taubashin Abarshi kenan, abokin wasansa, tun suna yara ba sa haɗuwa ba su zagi juna ba. Ran nan ya shigo gidan Azumi da yamma idanu jawur yana hawaye kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Wa ke jan hanci haka?" in ji Abarshi. "Au, bawana ne. An dake ka ne?"

"Kai dai ka huta, makaho. Yau ni na wuni a rami. Garin na zubowa dole ka kau da kai, kana kau da kai kafaɗa ta bi, zarton ya murɗe, katako ya fito kamar ƙahon rago, Malam ya hau faɗa. Duk sansanin ba mai son shiga ramin nan, har dambe ake yi."

Abarshi ya tsaya da tufkar da yake yi. "Ka ce saboda ido ake kau da kai?"

"To saboda me, gwiwa?"

Washegari Azumi ta ɗauki ƙwaryar furarta, da yake ita ke kai wa 'yan sansanin, sai ta ji an kama bakin zanenta. Ta ce ina zuwa, ya ce Yaya ki dai yi gaba. Suka tafi, ga hanya duk saiwa da kututture, ya yi tuntuɓe ya fi sau goma bai ce a koma ba.

Malam Hammadu na ganinsa ya laluba aljihu ya ciro goro ya danƙa masa ya ce Allah ya ba da haƙuri. Abarshi ya karɓa ya ɓantara ya tauna, don goro ba a mayarwa, sannan ya ce, "Na gode Malam, amma ba bara na zo ba. Rami na zo shiga."

Kai, dariyar da aka yi har tsuntsaye suka tashi. Malam bai yi dariya ba, tausayi ne ya kama shi, shi ne ya sa aka shimfiɗa masa buhu a inuwar ɗorawa aka tara masa rama, wai ga aikinka nan, tufka mana igiyar jan gungume. Wato dai ya baro igiya a gida ya zo daji ya tarar da igiya. Ya zauna ya tufka, kwana huɗu, amma kunnensa na kan ramukan. A rana ta huɗu sai aka ji ya ɗaga murya daga inuwa.

"Na rami na biyu! Ka karkace, kana cin hagu!"

Malam ya leƙa. Hagu kuwa ake ci. Can anjima kuma, "Na farko, zartonku ya dakushe, kuka yake kamar tsohuwar ƙofa." Malam ya shafa haƙoran ya ji haka ne. Ya tsaya ya daɗe yana kallonsa yana jan gemu.

A ranar ne kuma abokin aikin Ja'afaru ya jefar da zarto ya ce shi ya koma gona, idonsa ya fi masa lamba. Malam ya ce to Ja'afaru kai ma sai ka kama hanya, zarto ba ya yanka da mutum ɗaya. Ja'afaru ya waiga ya waiga ba wanda ya matso, don kowa ya san shi da raki, sai ya nuna inuwar ɗorawa da baki.

"Malam a ba ni makahon nan. In ya faɗa rami ma ai dama can za shi."

Malam ya ce to a gwada lokacin shan fura, don kada a ce ya hana. Abarshi ya sauka ramin da baya, ya shafa gungumen daga wannan kai zuwa wancan, ya ce a ba shi ƙusa biyu, ya sa Malam ya kafa su a kan layin gawayin, ya ciro siririyar igiyarsa ya ɗaure tsakaninsu tamau, to yanzu layin da ake gani ya zama layin da ake taɓawa. Ya kama zarto. Jan farko mariƙin ya buge shi a goshi ƙum, ja na biyu garin ya cika masa baki, ya yi ta atishawa yana tofarwa.

"Ashe maɗacin nan ba ido kaɗai yake nema ba!"

Ja'afaru daga sama ya ce, "Sannu da zuwa, ango."

Amma kafin a gama fura sun yanka kamu biyu kuma layin bai goce ba, don Abarshi bai kau da kai ko sau ɗaya ba. Washegari ya zo da tsohon zanen Azumi ya naɗe kansa gaba ɗaya, fuska da hanci da baki da komai, tunda ba kallo zai yi ba. Daga nan Malam ya zage ya koya masa da gaske, ya riƙe masa hannu ya nuna masa kada ya yi kokawa da zarto ya bar nauyinsa ya ci, ya nuna masa yadda ake cusa ɗan itace a tsaga don kada ta kama, ya ba shi magagari ya koya masa wasa haƙora ɗaya bayan ɗaya da yatsa, har sai da ya fi masu ido, su suna tsallakewa shi ba ya tsallake ko ɗaya.

Sai dai akwai magana. Ana gobe jarrabawa, jibi kuma kasuwa ta uku, Malam ya ja shi gefe ya ce masa takardar da aka ba shi ta ce sai mai cikakkiyar lafiya, shi kuma bai rubuta sunansa ba, yana tsoron aikinsa. Ya ce gobe ka zauna a inuwa in Bature ya tafi mu san abin yi. Abarshi ya ce to Malam. Shi ya sani in Bature ya tafi da lambobinsa saura jakin kawu.

Da safe Malam na can yana jera katako sai ya waiga ya ga mutum a ramin Ja'afaru kai a naɗe cikin zane, zarto har ya fara tafiya, kafin ya buɗe baki ga ƙugin mota. Baturen daji ya sauko da igiyar awo yana bin katako ɗaya ɗaya yana girgiza kai, wannan ya yi ciki, wannan ya yi doro, har ya zo kan nasu. Ya ɗora igiya. Ya juya katakon ya sake ɗorawa. Ya leƙa rami ya ga mai naɗaɗɗen kai yana ja hankali kwance, sai fuskarsa ta washe, ya ce da irin Hausarsu, "Wannan dabara mai kyau! Kowa na rami ya ɗaure kai haka!"

Bature ya yi umarni, wa zai ce masa a'a? Wani ɗan garin Gayam da ke rami na biyu ya cire rigarsa ya naɗe kai, bawan Allah, ya miƙa hannu yana laluben zarto, ya taka gaba ya rungumi bangon rami ya zauna daɓas. Ja'afaru ya kasa riƙewa ya fashe da dariya har ya kusa faɗowa daga kan gungume.

Malam Hammadu dai ya ga ba makawa, ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, shi wancan ko an kwance masa ba ya gani."

Aka fito da Abarshi aka warware zanen. Bature ya dube shi, ya dubi katako, ya ciro takarda ya karanta ya ce doka ta ce mai lafiya. Abarshi kuwa bakinsa bai mutu ba.

"Ranka ya daɗe, duk wanda ke ramin nan da safe yake gani, kafin azahar makaho ne. Ni dai na riga su ne kawai."

Malam ya ce, "Ni na koya masa da hannuna. In laifi ne nawa ne. Amma shekara talatin ina wannan aiki ban samu na ƙasa irinsa ba."

Bature ya ce su sake wani yana tsaye. Suka koma, Ja'afaru yana raɗa masa daga sama, kai makaho kada ka kunyata ni, shi kuma daga cikin zane yana ce masa ja dai malalaci. Shap, shap, shap, har katakon ya faɗi. Aka ɗora igiya ta kwanta lif ba inda haske ya shiga. Bature ya ciro alƙalami ya yi rubutu a gefen takardar, me ya rubuta ba wanda ya sani, ya ciro lamba biyu. Azumi ta ajiye ƙwarya ta rangaɗa guɗa a tsakiyar daji.

Washegari da sassafe ga kawu Mu'azu da jaki har da shimfiɗa a kai. Ya tarar da su biyu a ƙofar gida za su fita, Abarshi ya kamo hannunsa ya ɗora masa a kan lambar da ke wuyansa. Kawu ya shafa ya juya ta ya ce to amma ai na riga na yi wa sarkin makafi alkawari, wuri ba zai zauna haka ba.

Ja'afaru ya ce, "Baba in ka kai shi to ka nemo min wuri kusa da shi, don wallahi ba mai shiga ramina."

Kawu ya ja jakinsa ya juya yana cewa yaran yanzu sai addu'a.

Shekara goma sha tara Abarshi ya yi a rami, ya yi aure ya haifi 'ya'ya huɗu, kuma kafin Turawa su tafi makafi uku ne suka koyi aikin a hannunsa, biyu daga Gayam ɗaya wanda sarkin makafin ne da kansa ya aiko shi. Ƙofar zauren kawu Mu'azu ma shi ya yanka katakonta, kuma duk ranar da ya je gaisuwa sai ya tsaya ya shafa ta daga sama har ƙasa kafin ya yi sallama, kawu na ciki yana cewa shigo mana, ba ta karkace ba.