Numfashin Baba a Kaset

A shekarar da gero ya ƙone a tsaye, Baba ya yanke shawarar sayar da kakakinsa. Na tagulla ne, gadon kakansa, tsawonsa ya fi na namiji a tsaye. Tun rasuwar tsohon hakimi ba a sake kiransa busa ba, rumbunmu kuwa har ɓeraye sun yi masa ƙaura. Wani maƙeri a Ɗambatta ya ce zai saya ya narkar.

Yayana ya ce kafin a kai, sai an ɗauki sautinsa mu ajiye. Ya aro rikoda da makirfo wajen masu ɗaukar wa'azi. Shi kuwa Yaya, in na'ura ta shiga hannunsa, to ba ya jin kira.

A tsakar gida aka yi. Baba ya ɗaga kakakin, bakin ƙarfen ya haye danga yana kallon gona. Yaya ya durƙusa ya kai makirfo dab da leɓen Baba, yadda ake yi wa malami in yana karatu.

Na ce, "Yaya, ba ta can ƙarshe sautin yake fita ba?"

Ya harare ni. "So kike in juya wa Baba baya in bi bakin ƙarfe? Mutum ake kai wa makirfo."

Baba ya busa har jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Ba mu saurara ba, batir ya yi sanyi. Washegari kakaki ya tafi, dawa ta shigo gida.

Sai bayan rasuwar Baba muka sa kaset ɗin a ɗakin Inna. Sautin kakakin na can nesa, siriri, kamar kukan saniya a wani ƙauye. Abin da ya cika ɗakin numfashin Baba ne: jan iska, ƙugin ƙirji, ɗan tarin nan da yake ɓoye mana, da Bisimilla ƙasa-ƙasa kafin kowace busa. Na waiwaya bakin ƙofa, wallahi na ɗauka yana tsaye.

Har yau tsoron kaset ɗin nake ji, kuma na kasa tuno yadda kakakin yake amo. Ranar dai haushin Yaya ya turnuƙe ni, na buɗe baki zan faɗa masa. Inna ta ɗaga mini hannu, idonta na kan rikoda.

Ta ce, "Haka yake yi in barci ya ɗauke shi. Mayar mini da shi baya."