Sista Kaltume, Mai Gaida Ɗan Yatsa

Tun masu koko ba su sauke tukunya a Kabara ba, Sista Kaltume Mala ta isa ɗakin masu karaya a asibiti. Gaisuwarta ma daban ce! Ba fuskarka take fara dubawa ba. Sai ta yaye mayafi, ta latsa babban yatsan da ya leƙo daga filasta, ta ce, "Maigida, an tashi lafiya? Motsa mu gani!" In da ɗumi kuma ya motsa, ta tafa hannu. In ya yi sanyi, kafin ka ce kwabo ta taso likita.

Ku tambayi Muttaka, telan Soron Ɗinki. Adaidaita sahu ta take masa ƙafar dama, ƙashi ya fasa fata, ga shi da ita yake taka keken da ke ciyar da gidansu. Likitoci suka yi aiki, suka sa ƙarfe. Kwatsam sai ga kawunsa, Baba Usaini, da mota a bakin ƙofa.

"Ku ba mu yaronmu mu kai wa mai ɗori! Asibiti sai yanka."

Kaltume ta russuna ta gaishe shi, ta nuna masa yatsan. "Baba, taɓa nan. Ɗumi ko sanyi?"

"Ɗumi."

"To, ƙafa na da rai. Ciwon a buɗe yake, in aka ɗaure shi da kara ya ruɓe, ranar za a yi yankan da kake tsoro. Kullum ka zo ka taɓa da kanka. In ka ji sanyi, wallahi ni zan riga ka ihu."

Ai kuwa tsoho ya sallami direba, ya koma mai gadin yatsa, har na maƙwabtan gado yake taɓawa!

Ke ce, Kaltume, garkuwar masu karaya. Ke kika wanke ciwon da 'yan'uwa ke kau da kai, kika riƙe kafaɗar mai koyon tafiya. Yau da kika ajiye aiki, murna ta cika mu, kewa kuma ta kama mu. Allah Ya saka miki da alheri. Matasan ma'aikatan jinya, don Allah ku koyi wannan gaisuwa.

Atamfar da ta sa a walimar bankwana fa? Muttaka ya ɗinka, da waccan ƙafar.