Ranar Da Na Bar Kawuna A Bakin Ruwa

A lokacin ni mai fito ne a wani ƙauye cikin fadamar Kirikasamma, ga ƙarfi ga baƙar zuciya. Ciyawar kacala ta toshe mana hanyar ruwa, ruwan ya kwanta a gonar shinkafar da mahaifina ya bar mini, rani da damina. Duk zaɓe ɗan majalisarmu sai ya zo da babbar riga ya rantse zai kawo injin yanke ta. Sau uku muna dangwala masa, ko lauje bai aiko ba. Wallahi na tsani mutumin nan har cikin raina.

Sai ga wani matashi ya fito takara a wata ƙaramar jam'iyya, ba shi da ubangida a siyasa. Ya tuɓe takalmi ya shiga kacala har ƙugu, ya ce shi ma ɗan masunta ne. Ban tambayi abin da zai iya ba. Ni dai bulala nake nema, na samu.

Rumfar zaɓenmu tana tsallaken ruwa, kuma jirgina ne babba a mashigin. Ran zaɓe na yi ta kwasar namu, duk wanda na san na tsohon ɗan majalisar ne sai in ce jirgi ya cika. Cikinsu har da kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya koya mini riƙe gorar tuƙa jirgi. Yana zaune a gindin giginya da katin zaɓensa a hannu tun hantsi. Ya kira ni da sunan da yake kirana tun ina yaro, ya ce in tsallaka da shi ko don tsufansa. Na ce masa ya jira ɗan majalisarsa ya aiko masa da jirgin sama. Mutane suka yi dariya, na ji daɗi. Har aka rufe layi yana nan zaune.

Namu ya ci. Tun da aka rantsar da shi ko a kasuwar Hadejia ba mu ƙara ganin ƙeyarsa ba, lambarsa ma ta daina shiga. Kacala na nan, gonata na ƙarƙashin ruwa. Kawu kuwa in na gaishe shi sai ya amsa yana kallon wani wuri. Na yi ta cewa gobe zan je in durƙusa.

Bara ya rasu. Maƙabartarmu ma tana tsallake, a kan tudu. Na wanke jirgina na shimfiɗa sabuwar tabarma, sai babban ɗansa ya ja ni gefe ya ce Kawu ya bar wasiyya kada a sa makararsa a jirgina. A wani tsohon kwalekwale mai yoyo aka tsallaka da shi, ina biye a baya ni kaɗai.

Katin zaɓena na nan a cikin leda, kuma 'yan siyasar nan biyu duk ina jiransu, ban yafe wa ko ɗaya ba. Amma 'yan uwa, in za ku rama, ku rama da ƙuri'arku kaɗai, kada ku taɓa ta wani. Tsohon da sabon na ji har zama suke yi tare yanzu. Ni kuwa wanda zan roƙa gafara yana kan tudu, kullum ina wuce shi da fasinja.